Kiɗan da Ke Rage Kansa

Sai da na kai shekara arba'in da uku sannan na sayi fiyanon lantarki, irin mai maɓallai barkatai da ɗan gilashi mai haske a tsakiya. Ba wanda ya aike ni. Ni ma'aikacin shagon buga takardu ne, kiɗan da na fi sani shi ne na injin kwafi idan takarda ta maƙale masa. Amma tun ina yaro nake son abin, kuma tun ina yaro Baba yake cewa hannuna cokali kawai ya iya riƙewa.

Baba tsohon direban jirgin ƙasa ne, a gidana yake zaune. Ƙarar inji ta shekara talatin ta cinye masa kunne, yanzu da wata 'yar na'ura yake ji, wadda ake maƙalawa a bayan kunne. Likita bai ɓoye mana ba: jin zai yi ta raguwa, wata rana ya tafi gaba ɗaya, ba wanda ya san ranar. Tun daga nan na ɗora wa kaina aiki. Zan haɗa kiɗa guda ɗaya tak, in kaɗa masa ya ji kafin kunnen ya rufe. Ko "ba laifi" ya ce, ya ishe ni.

Kiɗan da na haɗa yana son sautin ya riƙa tashi yana sauka a hankali. To hannu biyu gare ni, duka suna kan aiki, babu na ukun da zai riƙa murɗa maɓallin ƙara. Na gwada da haɓa, na buge leɓe. Rannan ina bincike a littafin bayani na gano cewa fiyanon da kansa zai iya yi. Kai dai ka gaya masa saurin da kake so da kuma iya inda zai sauke sautin, shi ke nan, ya riƙa ragewa yana ƙarawa ba ka taɓa komai ba. Ni kuwa da ban san kaɗan ba, na kai zurfin kusan ƙarshe. Duk bayan daƙiƙa shida sautin ya dushe kamar an fita da rediyo daga ɗaki, sannan ya dawo.

Ranar har tsayawa na yi gaban madubi. Na ga mutumin da duniya ta yi asararsa a shagon kwafi.

Kullum in na taso aiki ƙarfe biyar, sai in shige ɗan ɗakin ajiya, tsakanin tsohuwar fanka da kwalayen takardu, in rufe ƙofa in yi ta maimaitawa. Bangon ɗakin Baba ne a bayana, amma ban damu ba. Mutumin da sai an ɗaga murya yake jin sallama, ina zai ji ni ta bango?

A mako na biyu Baba ya canza. Ya daina yi wa mai karanta labarai gyara a talabijin. Ya daina cewa shayi ya yi sanyi. Sau uku ya sa na sayo masa batirin na'urar, alhali ɗaya yakan yi masa kwana goma. Na sha ganinsa ya ciro ta yana hurawa, yana ƙwanƙwasa ta da farce, ya mayar, ya kasa kunne yana kallon ƙasa. Tsoro ya kama ni, na ce lokaci ya matso. Maganin da na gani kuwa shi ne in ƙara awa guda a kan atisayena.

Ƙanwata ce ta zo duba shi, kallo ɗaya ta yi masa ta juyo kaina.

"Yaya, kana gidan nan Baba ya rame haka? Gobe asibiti."

Muka je mu uku. Likita ya sa masa abin ji a kunnuwa biyu, ya yi gwaje-gwajensa, ya duba na'urar ciki da waje.

"Baba, jinka yana nan yadda yake wata shida da suka wuce. Na'urar ma lafiyarta ƙalau."

"Ɗana, sake dubawa," in ji Baba. "Tafiya yake yana dawowa."

"Maganar mutane ce take tafiya?"

"A'a."

"To me?"

Baba ya gyara zama, ya kalli kalandar bango, ya ƙi kallona.

"Kiɗan wannan," ya nuna ni da haɓa. "Ƙarfe biyar nakan ja kujera in jingina da bango. Da farko ina jinsa tiryan-tiryan, har inda yake kuskure. Yanzu mako uku ke nan, yana cikin yi sai ya yi nisa, ya yi nisa, sai ya dawo. Na ƙirga, duk daƙiƙa shida. Likita, na san inji. Injin da ya fara haka ya kusa tsayawa."

Na so ƙasa ta tsage in shige. Mako uku ina kashe wa tsoho kunne da hannuna, ina kuma yaba wa kaina a madubi.

"Baba," na ce, muryata kamar ta wanda ya fasa tulu, "ba kunnenka ba ne. Ni na saita shi haka."

"Ka saita me?"

"Ya riƙa rage kansa. Don... don ya yi daɗi."

Ƙanwata ta rufe fuska da jakarta, kafaɗunta suna rawa. Likita ya duƙufa yana rubutu, na tabbata ba abin da yake rubutawa.

"Wato da gangan?" in ji Baba.

"Da gangan, Baba."

"Kuma har karatu ka yi kafin ka iya?"

"Shafi goma sha ɗaya."

Muka dawo gida. Ina ajiye makulli Baba ya wuce ɗakin ajiya da kansa, ya ture kwali ya zauna.

"Kunna."

Na kunna, na shiga saitin na kashe abin da na ɓata mako uku ina taƙama da shi. Na soma kiɗan. Ban kai ko'ina ba ya miƙo hannu, wannan hannun da ya riƙe jirgi shekara talatin, ya kama maɓallin ƙara ya murɗa shi har ƙarshe, ya bar yatsunsa a kai kamar wani zai zo ya ƙwace. Kwalaye suka ɗauki rawa. Na yi kuskure sau huɗu, kowanne da ƙarfinsa, na tabbata har maƙwabta sun ƙirga.

Da na gama na jira "ba laifi" ɗina. Bai ce ba.

"Tsakiyar nan har yanzu kana gudu," ya ce. "Sake daga farko. Kuma kar ka ƙara rage min. Akwai mai rage min, ba sai ka taya shi ba."

Na sake daga farko, ina ganin maɓallan dishi-dishi.