Giwa A Bayan Murhu

Gawie Nortje mutum ne mai kula da kayansa, kuma ba ya son a manta da haka. Duk shekarun da ya yi yana aikin jirgin ƙasa a Kroonstad, ba a taɓa ganin tsatsa a jikin ƙarfen da ke hannunsa ba. Da ya yi ritaya sai ya sayi mota mai ɗaki: gado a baya, murhun gas, ɗan firji, har da wurin wanka wanda in mutum ya shiga, sai ya fito kafin ya iya juyawa. Fara ce fat, doguwa, mai faɗin ƙugu. Ya sa mata suna Giwa.

Ya ce don matarsa ya saye ta, kuma a ranar da ya faɗa gaskiya ya faɗa. Matar tasa, Breggie, 'yar Kamieskroon ce, can ƙasar Namakwa, inda in ruwan lokacin sanyi ya sauka sosai furanni kan rufe ƙasa har gindin duwatsu, su yi 'yan makonni, iska mai zafi ta zo ta ƙone su. Tun da ya auro ta yake mata alkawarin zai mai da ita ta ga furen garinsu. Sun je biki, sun je jana'iza, amma ba su taɓa dacewa da fure ba, domin hutun Gawie kullum a Disamba yake faɗowa. Alkawari ya yi furfura tare da su.

Maƙwabcinsu Sarel shi ma yana da irin wannan mota, tsohuwa, tana tsaye a fili kusa da shingen waya da ya raba gidajen biyu. Rana ta dake ta, ruwa ya dake ta, ƙanƙarar Fabrairu ta lotsa mata rufi, Sarel ko a jikinsa. Ra'ayinsa shi ne mota don waje aka ƙera ta, kuma duk wanda ya sa ta a inuwa ɓeraye ya yi wa masauki. Gawie kuwa in ya dubi motar Sarel sai ya ji kamar ya ga dabbar da aka bari da yunwa. Kullum da safe, kowa da kofin kofinsa a hannu, sai su jingina da shinge su ɗora daga inda suka tsaya jiya.

"Maƙwabci, motar nan taka ta fi ka tsufa a fuska, kuma ka san wannan ba ƙaramin aiki ba ne."

"Bar ta ta sha iska," in ji Sarel. "Taka ma saura ka ɗinka mata rigar barci."

Bai ɗinka mata riga ba, amma ya yi abin da ya kusa da haka. Da sanyi ya kawo kai a watan Mayu, kamar yadda yake yi a ƙasar tasu, ya kafa mata rumfa a bayan gida: ginshiƙan ƙarfe, rufin kwano, bango a baya da gefe ɗaya don tare iska. Ya zagayo da ita ta kusurwar kicin, ya shigar da ita da kai, ya cire batir ya kai ɗaki, ya zuba maganin ɓera a kowane lungu, ya goge ta har tana ɗaukar ido. A nan ba wanda zai ga laifinsa. Abin da mutum ya sha wuya ya samu, wajibi ne ya kare shi.

Laifin daga baya ya zo, kuma da siffar jin daɗi ya zo, yadda ya saba zuwa. Wata Asabar Gawie ya lura cewa bakin rumfar nan ba ya samun iska, ga rana tana faɗowa a wurin da hantsi. Mutanen nan kuwa, ka nuna musu wuri mai ɗumi da ba iska, abu ɗaya ne zai zo musu a rai, gashin nama. Ya jawo rabin duro ya hura wuta. Sarel ya ji ƙamshin haƙarƙarin rago, ya tsallako shinge da tuwon masara da miyar tumatir, ya manta da cewa shi abokin gābar rumfa ne.

Rabin duro bai dace da rumfa irin wannan ba, haka su biyun suka yanke. Aka sayo jan bulo. Da farko ɗan murhu ne iya ƙugu. Sai aka ga yana bukatar wurin ajiye itace. Sai hayaƙi ya riƙa bin Giwa yana mata baƙi, aka ɗora bututu dogo wanda ya wuce rufin kicin. Sai teburin siminti na yanka nama. Gawie na ɗora bulo, Sarel na kwaɓa siminti yana ba da shawarar da ba a tambaye shi ba. Kafin sanyi ya raba tsakiya, duk unguwa ta san murhun Oom Gawie, wato Kawu Gawie a harshensu, har limamin cocinsu ya zo ya shafa bulon ya yaba.

Sau ɗaya Breggie ta leƙo ta tagar kicin ta tambaya ta ina motar za ta fita. Gawie ya ɗauko tef ɗin awo, ya sa Sarel ya riƙe baki ɗaya, ya nuna mata cewa tsakanin murhu da bangon kicin akwai faɗin Giwa har da rarar kamu biyu. Ya tuna mata cewa shi mutum ne da ya ƙare rayuwarsa yana jera taragu. Ta ce to, ta rufe taga.

A ƙarshen Agusta yayarta Truia ta bugo waya daga Kamieskroon. Ta ce bana ruwa ya yi, fure ya fito irin wanda tsofaffi suka ce rabonsu da shi tun suna yara, amma an fara jin ɗumin iskar gabas, in za su zo su zo cikin makon nan. Breggie ta ajiye waya ta shiga toya busasshen burodin da suke tsomawa a kofi, tana waƙa. Gawie ya daɗe bai ji ta tana waƙa ba.

Washegari da hantsi ya mai da batir, ya murɗa makulli, Giwa ta tashi bugu ɗaya. Ya leƙo ta taga ya tabbatar Sarel ya ji. Sannan ya sa ribas.

Ta fito sumul har rabinta. A nan ne ya kamata gindinta ya karkata ya zagaya kusurwar kicin ya nufi ƙofar gida, kuma daidai filin da gindin zai share, nan murhu yake tsaye da bututunsa. Faɗi ya auna, bai auna juyi ba. Tarago layin dogo ne ke juya shi, bai taɓa neman fili a wurin kowa ba, kuma ilimin Gawie iyakarsa ke nan.

Ya koma ciki ya sake fitowa. Ya naɗe madubai. Sarel ya tsaya a baya yana kaɗa hannu, yana cewa dama alhali hagu yake nufi. Maƙwabta suka taru, kowa ya zama direba: wannan ya ce a sace iskar taya, wancan ya ce a ɗaga ta da jak a tura. Wata tsohuwa daga tsallaken titi ta ce ita dai tun ana ginin ta gani, ba ta so ta yi magana ba ne. Rana ta take, gumi ya jiƙa rigar Gawie, Giwa na nan inda take, sai dai ta sami ƙarin zane ja a gefe inda bulo ya goge ta.

Sai Sarel ya kawo dabara. Gefen rumfa da ke kallon gidansa a buɗe yake. In aka kwance shinge, aka cire ginshiƙi ɗaya, Giwa za ta iya sulalewa ta filinsa ta fita ta ƙofarsa. Abu ɗaya ne kawai a hanya, motarsa, kuma matsar da ita aikin minti ne, tunda mota ce ta waje, kullum a shirye.

Ya shiga ya murɗa makulli, ko tari ba ta yi ba. Aka jona mata batirin Giwa, ta yi gurnani ta mutu. Aka ce a tura. Maza suka sa kafaɗa, ba ta motsa ba, don birki ya kama da tsatsa, tayoyi biyu rana ta tsattsage su sun zauna a ƙasa, ciyawa ta saƙe ƙarƙashinta. Da aka ƙara jijjiga ta sai zanzaro suka fito daga ramin iskar firji, taron ya watse da gudu, Sarel a gaba.

Ga motoci biyu, ɗaya an kula da ita har an kulle ta, ɗaya an sake ta har ta ruɓe, kuma ba wadda za ta kai kowa ko bakin titi. Masu su kuwa shekara guda suka yi kowa na koya wa ɗan'uwansa hankali.

Gawie ya zauna a kan teburin siminti yana lissafin yadda za a nemo babbar mota mai ƙugiya ta ɗaga Giwa ta saman kicin, ko da mako mai zuwa ne. Yana cikin haka Breggie ta fito da hularta ta tafiya da ƙaramar jaka da gwangwanin burodi. Ba ta ɗaga murya ba.

"Tsoho, kada ka wahalar da kanka. Akwai bas da yamma zuwa Bloemfontein, daga can zan nemi hanya. Ka zauna ka kula da kayanka. Sun yi kyau ƙwarai."

Da ta zage shi da ya sami abin mayarwa. Ya dubi murhu, ya dubi Giwa, ya dubi matar da ta jira shi tun gashinta na baƙi. Sai ya ga abin da kowa a unguwar ya riga shi gani: motar da ya ce don ita ya saya, tun da ta zo gidan shi kaɗai ke morar ta, kuma ko tafiya ba a yi ba.

Ya tashi ya shiga ɗakin kayan aiki, ya fito da babbar guduma.

"Maƙwabci, tsaya mu yi tunani," in ji Sarel, yana dafe da kunnen da zanzaro ya harba. "Bututun nan ni na kwaɓa masa siminti."

"Shi ya sa ba zai yi wuyar faɗuwa ba. Matsa."

Ya yi wuya. Simintin Sarel ya fi bakinsa ƙarfi, kuma sai da la'asar ta yi kafin a share fili. Breggie ta cire hula ta ɗauki baro tana kwashe ɓaraguzai, tana dariya duk lokacin da mijinta ya sauke guduma ya yi nishi kamar a jikinsa ta sauka. Giwa ta fito, ta karkata gindi, ta zagaye kicin ba ta taɓa komai ba. Kafin ya rufe ƙofa, Gawie ya tsinci bulo 'yan kaɗan da ba su fashe ba ya jefa ƙarƙashin gado.

Kwana suka yi a hanya. Sun isa ana saura ƙiris lokacin fure ya wuce, don gefen hanya ya fara bushewa, amma bayan gari, a kwarin da Breggie ta yi kiwon awaki tana yarinya, fure na nan shimfiɗe ruwan lemo da fari da shuɗi har inda ido ya gaji. Ta ce ya juya wa rana baya, don fure rana yake kallo, wanda ya fuskanci rana ƙeyar furen kawai zai gani. Ya juya. Ta cire takalmi ta shiga ciki, Truia na bin ta, tsofaffi biyu suna kiran sunayen furanni suna gardama a kan wanda uwarsu ta fi so.

Gawie ya jera bulonsa a ƙasa a inuwar Giwa, ya ɗora raga, ya hura wuta. Ƙurar hanya ta mai da motar ja, ga zanen bulo a gefenta, ya kai hannu aljihu zai ciro tsumma, sai ya fasa. Nama ya fara ɗigar da mai. Ya ɗauki waya ya kira Sarel ya ce masa ya ajiye sauran bulon nan, kada ya taɓa, in ya dawo za su sake gini a can gefen bishiyar lemo. Sarel ya ce ya makara, ya riga ya kwashe rabi, rumfa zai kafa wa motarsa.