Jinin Ƙarfe Takwas

Ɗiyata Mubaraka, mai shekara shida, ta yi wata biyu ba ta iya tashi da safe. In na ɗaga ta sai ta langaɓe a jikina kamar jiƙaƙƙen zane, kuma har an fara aiko min daga lakwal, makarantarsu, cewa kwana take a aji. Na kai ta asibiti nan Dogon Dutsi bayan la'asar. Likita Rufa'i ya daɗe yana duba ta, sannan ya ce akwai jinin da yake son a ɗiba, amma sai gobe ƙarfe takwas na safe.

Na ce ga mu ga labo, ɗakin awon jini, me zai hana yanzu? Jinin safe da na marece ba duk na jiki ɗaya ba ne?

Ya ja takarda ya zana kai, ya zana ƙoda biyu. Ya ce a cikin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan wuri mai lissafin dare da rana. Tun kafin asuba yake tura saƙo, saƙon ya bi jini zuwa wasu 'yan tsoka da ke zaune bisa ƙoda, su saki wani sinadari, kortizol, wanda ke ba jiki ƙarfin tashi. Da safe yake yawa, da marece ya ja baya ga kowa. In aka auna yanzu aka ga kaɗan, ba a san komai ba.

Washegari muka zo tun bakwai da rabi. Da sakamako ya fito, na Mubaraka ya yi ƙasa sosai. Likita ya tambaye ni ko tana shan wani magani, na ce ko ɗaya. Ya kalli gwiwar hannunta, inda fata ta yi fari ta yi laushi.

"Me kike shafa mata nan?"

Na fito da man daga jaka. Ƙanwar mijina Shamsiyya ce ta kawo min daga kasuwa da ƙuraje suka dami yarinyar, kuma ya yi aiki, shi ya sa nake shafe mata jiki duka safe da yamma, wata na biyar ke nan. Ni ban taɓa ɗaukar abin shafawa a matsayin magani ba.

Ya ce a cikin man akwai ɗan'uwan kortizol, yana ratsa fata ya shiga jini. Ita kuwa ƙwaƙwalwa kullum tana ɗanɗana jinin. Da ta ji kamar ya wadata sai ta daina aika saƙo, 'yan tsokan nan su yi barci.

Na miƙe zan jefa man a kwandon shara.

"Maman Mubaraka, zauna tukuna," in ji shi. "In kika yanke shi yau, jikinta ba shi da nasa, ba shi da na aro. Nan ne haɗarin yake."

Ya rubuta min yadda za a rage a hankali, da ranar da zan dawo. Na bi takardar layi-layi, ko da Shamsiyya ke cewa na mai da man ƙuraje abin tsoro.

Bayan sati shida aka sake ɗibar jini. Kortizol ɗin ya hau, ko da yake bai kai yadda ake so ba tukuna. Na tambayi likita yaya ƙwaƙwalwa ke gane gari ya kusa wayewa alhali ido na rufe. Ya yi dariya, ya jawo wata takardar.