Uwar Likita

Ba ta yi sallama ba. Da kafaɗa ta ture ƙofar ofishin, sakatariya na biye da ita tana, "Mama, tsaya mana!"

"Kai ne Dakta?"

Mutumin ya ɗago kai daga kwamfuta. "Ni ne, Mama. Bismillah, zauna."

"Ba zama ya kawo ni ba. Ɓarawo nake nema."

Wankau take yi tun rasuwar mai gidanta, har sabulu ya cinye mata yatsu. Da autarta ta shiga jami'a, kullum zancen yarinyar Dakta ya ce, Dakta ya ba mu aiki. Shi ke nan 'yan layinsu suka ɗauka likitanci take karantawa, suka laƙaba wa tsohuwar suna Uwar Likita. Jiya kuwa maƙwabciya ta leƙo ta katanga, baki har kunne, wai ta ga Auta a firamaren jikokinta riƙe da alli.

"Gurbin 'yata na likita wa kuka ba? 'Yar wane, ko? Don kun ga uwarta ba ta san bihim ba!"

"Mama, nan sashen ilimi ne. Malaman makaranta muke horarwa, shi ya sa muke tura su firamare gwajin koyarwa."

"To kai likitan me ne?"

"Na karatu."

"Likitan da ba ya allura! Ni za a mayar wa 'ya malamar makaranta? Waɗanda in mai shago ya hango su yake cewa kaya sun ƙare?"

Dakta ya aika a kira Auta daga aji. Tana shigowa ta ga uwarta, ta yi turus.

"Faɗa masa," in ji tsohuwar. "Kada ki ji tsoron kowa. Yau sai an biya mu haƙƙinmu."

"Inna, ba wanda ya ƙwace. An ba ni likitancin."

"An ba ki?"

"A waccan jami'ar mai nisa. Ranar da na zo miki da labarin kina kwance da zazzaɓi. Kin tuna abin da kika ce?"

Ta tuna. Yayyen Auta maza duk sun tafi neman arziki, ko waya sai an roƙe su. Ranar ta damƙe hannun yarinyar ta ce, in kika tafi kamar su, ban yafe miki nonona ba.

"Ai zafin ciwo ne, 'yar nan."

"Ni ban ji zafin ciwo ba, Inna, uwata na ji. Nan babu likitanci, amma mota ɗaya ce zuwa gida. Malanta kuma da azahar an tashi, in dawo in taya ki shanya."

"Me ya hana ki gaya min?"

"Kina amsa sunan da daɗi."

Tsohuwar ta sassauta murya. "Kina son aikin ma?"

"Yaran suna sona," in ji Auta, idonta a kan tagar ofis.

Dakta ya yi gyaran murya. "Ba mu da ɗaliba kamarta, Mama. Har yanzu kina son a kai ƙarar?"

Ta dubi yatsunta da suka tsattsage, ta cusa su cikin mayafi.

Ta fita, ta hau motar komawa gida. Tana sauka bakin layi, mai gyaran keke ya ɗaga mata hannu. "Uwar Likita, an dawo?"

Ta ɗan tsaya.

"An dawo," ta ce. Ta shige gida, ta jawo bahon wanki.