Ƙoƙo Uku da Barkono Ɗaya

Wata huɗu Sekove ya yi yana koyon tuƙa kekensa na guragu da harshe. Tun da wuyansa ya karye a filin wasan ƙwallon rugbi, daga kafaɗa zuwa ƙasa babu abin da ke motsi. A asibiti a Brisbane aka ɗora masa wani ɗan faranti a ganɗa: in ya taɓa gaba keke ya tafi, in ya taɓa gefe ya juya. Ya rantse ranar auren 'yarsa Litia shi zai raka ta har gaban fasto, ba mai tura shi.

Da safen bikin dangin ango suka iso daga Fiji da saiwar kava, wadda a al'adarsu ake damawa a sha a wurin biki. Aka shimfiɗa tabarma a gareji, aka dama, aka miƙo wa uban amarya ƙoƙon farko.

"Kawu Peniasi, ka san abin nan yana kashe harshe," in ji Sekove ƙasa-ƙasa.

"To mu ce wa surukai me? Harshenka direba ne, ba ya sha a bakin aiki? Buɗe baki, ni zan tafa maka."

Ya sha. Kawu ya tafa a madadinsa, don a al'ada mai shan kava sai ya yi tafi. Baƙi suka ji daɗi, suka ƙaro biyu.

A ƙofar coci Litia ta dafa kafaɗarsa, aka fara kiɗa. Sekove ya taɓa gaba. Harshen kamar na aro. Keken ya yi hagu, ya ture tukunyar fure, ya zagayo ya tsaya yana kallon titi.

"Baba, ciki za mu shiga fa."

"Na thani!"

Kawu ya miƙo hannu. "Bari in tura ka, ɗan nan."

Sekove ya galla masa harara. Haushi kamar ya fashe: wata huɗu, ƙoƙo uku sun cinye.

Sai ga yayarsa Mereoni, wadda ba ta zuwa cin abinci ko'ina sai da barkononta a jaka. "Ku maza da kavarku! Buɗe, shashasha."

Ta cusa masa ɗaya. Ya tauna. Wuta ta kama daga leɓe har kunne, amma a cikin wutar ya ji gaba, ya ji gefe.

Keken ya miƙe sak tsakanin kujeru, Litia na gefensa. Hawaye na zuba, majina na bi, ba hannun sharewa.

"Wayyo, dubi yadda yake son 'yarsa," in ji uwar ango.

Sekove ya ci gaba da tuƙi, ya nufi gaban fasto. Harshen na bakin aiki.