Kafaɗar Zakara da Keken Bakin Taga

Keke biyar ne a shagon ɗinkinmu, taga ɗaya tal. Wanda ya samu keken bakin taga ya huta, sauranmu kuwa sai ƙwan lantarkin da ke lumshe ido kamar mai gyangyaɗi. Ni a can lungu nake, kusa da teburin guga, kuma shekara biyu ke nan idona yana ci mini amana. Baƙin zare a kan baƙin yadi sai dai lalube. Ban gaya wa kowa ba, don na san halin Oga. Ranar da ya gane, zai ce in koma guga da sa maɓalli, bayan shekara ashirin da shida ina taka keke.

Oga mayen wasan tanis ne, shi ya kafa mana talabijin a bango, shi kuma ya kafa doka. Duk shekara idan babbar gasa ta zo, aka rage 'yan wasa takwas, kowa zai ɗauki allin yanka ya rubuta gwaninsa a bayan ƙofa. Ba kuɗi a ciki. Wanda ya canka daidai, keken bakin taga nasa ne har baɗi.

Shekara uku a jere Farfesa ke cinyewa. Sunan da muka laƙaba masa ke nan, don ba ya buɗe baki sai da lissafi daga wayarsa: wane ya ci kaza, wane bai taɓa faɗuwa a irin wannan fili ba. Idonsa garau, ko a cikin rijiya zai iya zura zare, amma ya kankane hasken yana karanta mana alƙaluma. Wallahi haushinsa nake ji har wuya.

A bana kowa ya san wanda zai ci. Muna kiransa Zakara, shi ya ɗauki kofin bara, bugunsa kamar an saki ƙofar ƙarfe. Ranar da za a yi rubutu sai aka nuno shi dab, yana zaune yana shan ruwa a lokacin hutu. Na ajiye almakashi na matsa gaban talabijin.

Duk wanda ya daɗe yana awo ya san kafaɗa. Mai ciwo ba ya faɗa, amma rigarsa tana tona shi. Ɗinkin kafaɗar dama na rigar Zakara ya zame gaba, wuyan ya karkace, shi kuma yana ta jan hannun rigar kamar telansa ya cuce shi. Ba tela ba ne. Mutumin yana ɗauke kafaɗar ne don kada ta motsa.

Su huɗu suka rubuta Zakara. Da yake dokar ta ce in an yi kunnen doki mai keken ya ci gaba da zama, Farfesa har ya fara murmushi. Na karɓi allin na rubuta Bahago, wani siririn ɗan wasa da ba wanda ya damu da shi.

"Anti, lafiya kuwa?" in ji Farfesa. "Sau shida suna haɗuwa da Zakara, sau shida yana shan kashi. Ko kin zaɓe shi ne don kalar wandonsa?"

"Kai dai riƙe wayarka," na ce. "Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare."

Na faɗa da ƙarfi ne kawai. Zakara ya wuce wasa biyu a guje, ba alamar komai. Bahago kuwa da ƙyar da jiɓin goshi yake tsallakewa, kowane wasa sai ya kai ni bakin kabari ya dawo da ni. A satin nan na ɗinka aljihu a juye har sau biyu, na farke a ɓoye.

Wasan ƙarshe ya faɗo ranar hutu da yamma, amma duk muka zo shago. Wanda ya fara cin seti uku, wato zagaye uku cikin biyar, shi ke da kofi. Zakara ya cinye na farko, ya ƙara da na biyu. Farfesa ya miƙe ƙafa a kan kujerarsa yana cewa, "Anti, in kawo miki ruwa?" Ni kafaɗar Zakara kawai nake kallo.

A seti na uku kafaɗar ta faɗi gaskiya. Zakara ya cilla ƙwallo sama zai buga, hannun ya ƙi kaiwa inda ya saba, ƙwallo ta daki raga. Ya sake, ta sake dukan raga. Bahago ya gano, ya dinga aika masa ƙwallo sama ta dama, sama ta dama, ba tausayi. Ya ci na uku. Ya ci na huɗu. Oga ya cire hula yana fifita da ita, Farfesa kuwa ya kife wayarsa a kan cinya.

A seti na biyar, da ƙwallon Zakara ta ƙarshe ta fita waje, Bahago ya zube a ƙasa don murna, ban san lokacin da na rangaɗa guɗa ba. Ni da nake jin kunyar ɗaga murya, sai ga ni ina taka rawa da tef ɗin awo a wuya. Daɗi ya kusa kashe ni.

"Anti, don Allah a ina kika karanta?" Farfesa ya tambaya, murya ƙasa ƙasa.

"A rigarsa. Kwashe zarenka, ɗana."

Ya kwashe. Na zauna a bakin taga, hasken yamma ya zubo a kan hannuna. Sai na ji tsoron nan na shekara biyu ya sake ni, na juya na dubi Oga.

"Oga, idona ya fara rauni. Gobe da safe zan je asibiti a gwada mini tabarau, sai azahar zan shigo."

Ya mayar da hularsa.

"Je ki abinki," ya ce. "Kafin ki dawo, duk wanda ya taɓa keken nan da ni zai yi."