Sarab da Kiran Magariba

Karen bai cika shekara ba ya fara gudu. Yana ɗan kwikwiyo ba a ma bukatar kiransa, duk inda Yacouba ya sa ƙafa yana biye da shi yana tuntuɓe. Da ƙafafun suka yi tsawo, ƙirjin ya buɗe, sai ya koma wani abu dabam.

Yacouba direba ne a ƙasar Larabawa, a gidan Abu Nawwaf a unguwar Badi'a. Daga Tasawa ya zo, ƙasar Maraɗi, kuma tuƙi aka rubuta a iƙamarsa, wato takardar izinin zamansa. Amma ranar da maigidan ya kawo ɗan karen farautar Larabawa da suke kira salugi, ya sa masa suna Sarab, bai tambayi wanda zai kula da shi ba. Kowa a gidan ya san amsar.

Kullum da la'asar sakaliya Yacouba yakan sa shi a bayan a-kori-kura su gangara gefen kwarin Hanifa, can nesa da inda iyalai ke shimfiɗa darduma suna shan gahawa. Ya kwance shi, karen ya yi ta tsere da iska. Da ladanin ƙaramin masallacin bakin titi ya ɗaga murya, sai Yacouba ya zura hannunsa cikin leda, ya ƙwala kira. Ledar don kada yawun karen ya taɓa shi ce. Wani Basudane mai gadi ya ce masa najasa ce, sai an wanke sau bakwai har da ƙasa. A gida kuma ya ji malamai suna cewa a mazhabarsu abin bai kai haka ba. Da ya rasa wanda zai ɗauka, sai ya ɗauki mai tsananin. Yakan cafki wuyan karen yana janye farar jallabiyarsa baya, ya ɗaure shi a mota, ya yi sauri ya riski jam'i.

Yanzu kuwa sai ya kira har muryarsa ta dishe. Sarab zai tsaya daga nesa ya kalle shi, ya juya ya nausa cikin kwarin. Rannan sai bayan isha aka same shi a wata gonar dabino, ya kashe kaji biyu.

“Isma, saurara, ya Yaƙub,” in ji Abu Nawwaf. Ba ya cikin masu ihu, shi ya sa maganarsa ke da nauyi. “Don farautar hunturu na kawo shi. Karen da ba ya amsa kira ba kare ba ne. In sanyi ya shigo bai gyaru ba, ka kai shi sahara ka sauke.”

“Ɗal umrak, ranka ya daɗe,” in ji Yacouba, “karen yaro ne.”

“Na sani. Shi ya sa na ba shi lokaci.”

Ranar Juma'a Yacouba ya je unguwar Suwaidi ya ɗauko Maiwada, wani tela ɗan Funtuwa wanda ya girme shi, mahaifinsa kuma mafarauci ne. Maiwada ya zauna kan dutse a gefen kwarin yana ɓare gyaɗa, yana kallonsu har aka kira magariba. Ya ga Yacouba ya zaro leda. Ya ga karen ya ɗaga kunne tun kafin a kira sunansa, ya ja da baya, ya arce. Sai ya fashe da dariya har gyaɗar ta sarƙe shi.

“Ɗan Faransa! Wannan ledar ta mece ce? Kifi za ka saya?”

“Yaya Maiwada, ka bar wasa. Ran dabba ake magana.”

“To ai kai ka koya masa gudun. Ka taɓa kiransa ba don ka ɗaure shi ba?”

Maiwada bai jira amsa ba.

“Ka taɓa shafa kansa da hannunka, hannun da Allah ya ba ka? Ni ma in kafilina, ubangidan da nake zaune a ƙasar nan da sunansa, ba ya kirana sai zai karɓe fasfo, yana toshe hanci, ai ko sunan kakana ya kira ba zan waiwaya ba. Duba, bai ma jira muryarka ba. Ladan yake saurare. Ya gane da an yi kira, igiya ce.”

Wannan maganar ta kwana a ran Yacouba. Kiran da shi yake jin sanyinsa a zuciya, shi ne ya mayar wa wata halitta alamar ɗauri, kuma bai taɓa nufin haka ba. Ya yi ta tambayar kansa ko ana kama mutum da laifin abin da ya koyar bai san yana koyarwa ba.

Ya bi abin da Maiwada ya ce. Ya sayi doguwar igiya. Ya sayi kilishi wajen wata Bahausa mai yi a gida, ya wanke yajin, ya yayyanka ƙanana. Sai ya kira karen ba gaira ba dalili, in ya zo ya ba shi, ya ce masa, “Je ka.” Rannan ya ajiye ledar, ya taɓa karen da hannunsa karo na farko. Harshen karen ɗumi gare shi, gashin kunnensa kuwa laushi kamar auduga. Ya wanke hannun sau bakwai a famfon masallaci. Washegari ma haka. Daga baya sai ya lura ya daina ƙirgawa, bai kuma san ranar da ya daina ba.

Sarab ya fara zuwa. Ba kullum ba, amma yana zuwa, wani lokaci da gudu har ya kusa kayar da shi. Abu ɗaya ne bai canja ba. Da ladan ya fara, sai jikin karen ya sandare, ya manta da kilishi, ya manta da Yacouba.

“Sai ka zauna da shi har a gama kira, a gama salla, kana ba shi yana ci,” in ji Maiwada a waya. “Ya ga an kira ba a ɗaure shi ba.”

“Jam'in fa?”

“Wannan kuma tsakaninka da Ubangijinka. Ni tela ne.”

Yacouba ya zauna. Yana jin liman na karatu ta lasifika, shi yana kan yashi riƙe da igiyar kare. Sai an sallame ya yi tasa shi kaɗai. Wasu ranakun yakan ce a ransa Wanda ya halicci karen ya san abin da yake yi. Wasu ranakun kuma ya ga kamar dabara ce kawai yake yi wa kansa, sai ya ɗaure karen ya ruga masallaci, aikin mako guda ya rushe. Bai iya tsayawa kan ɗaya ba, karen kuma yana karanta wannan a jikinsa.

Sanyi ya shigo da wuri. Wata Asabar Abu Nawwaf ya ce zai zo ya gani da idonsa. Yacouba ya roƙe shi ya zo da la'asar, ya ce to, amma baƙi suka tsare shi. Bai iso ba sai da rana ta yi ja.

An kwance igiya. Yacouba ya kira, Sarab ya zo kamar kibiya. Ya sake shi, ya kuma kira, ya kuma zuwa.

“Masha Allah,” in ji maigidan. “Ƙara ɗaya.”

Yacouba ya buɗe baki, lasifikar masallaci ta riga shi. Karen yana tsakiyar hanya ya ci birki. Ya kalli Yacouba, ya kalli hannunsa, duk da ba leda a ciki. Sai ya juya.

“Ɗal umrak, kiran salla ne yake tsoro. Laifina ne, ni na...”

“Karen da ke gudun kiran salla zan ajiye a gidana?” Abu Nawwaf ya gyara ƙyallen kansa. “Khalas, magana ta ƙare. In ka kama shi, gobe ka kai shi wajen masu tumaki. Wani zai ɗauka.”

Yacouba ya san ba mai ɗauka. Ya sha ganin irinsu a gefen hanyar sahara, haƙarƙari a waje, suna kallon kowace mota. Ya kira Maiwada ko zai karɓe shi, shi kuma ya ce su shida ne a ɗaki, ko kyanwa mai gidan ba ya yarda. Ya kira wani Oumarou mai kiwon raƙuma, shi ma ya ce karnukan kafilinsa za su yayyaga shi kafin gari ya waye. Ya yi tunanin cewa a'a. Sai ya tuna iƙamarsa a hannun wa take, da mutanen Tasawa da ke cin abinci daga wannan tuƙin.

Washegari bayan la'asar ya ɗauki hanyar yamma har gine-gine suka ƙare. Ya sauka daga kwalta, ya tsaya inda ake hango rumfunan makiyaya daga nesa. Ya ajiye roba cike da ruwa a gindin wata ƙaya, ya zazzage sauran kilishin, ya cire wa karen abin wuya.

“Je ka,” ya ce.

Sarab ya zagaya da gudu, ya dawo ba a kira shi ba, ya cusa kansa cikin tafin Yacouba. A nan ba masallaci, ba ladan, ba abin da zai kore shi. Yacouba ya shiga mota ya ja. A madubi ya ga karen yana biye, ba ya ko haki, kamar wani sabon wasa aka ƙirƙiro masa. Ya ƙara wuta, karen ya ƙara. Kwalta na gaba, manyan motoci na wucewa a guje. Ya taka birki, ya juya ya koma gindin ƙayar.

Suka zauna, karen ya ɗora haɓarsa kan gwiwarsa. Rana na gangarawa. Yacouba ya ciro wayarsa don ya ga ko maigidan ya kira, sai idonsa ya faɗa kan lokacin magariba. Wayar tana kiran salla da kanta in lokaci ya yi. Kullum in za su fita yakan rufe muryarta saboda karen. Yau bai rufe ba, kuma ba zai iya rantsewa cewa mantuwa ce ba. Ya ɗora yatsansa kan maɓallin rufe muryar. Ya daɗe a haka. Sai ya ɗauke yatsan, ya ajiye wayar kan murfin mota.

Da muryar ta tashi, Sarab ya miƙe zumbur. Ya kalli Yacouba, ya ja da baya, ya haura tudun yashi ya ɓace.

Yacouba bai shimfiɗa darduma a nan ba, don ya san kafin ya sallame karen zai dawo. Ya ɗauki wayar tana cikin kira, ya tada mota.

A masallacin wani gidan mai ya tsaya, an riga an idar da jam'i. Ya durƙusa gaban famfo, ya buɗe ruwa. Akwai gashin karen guda biyu manne a tafinsa. Yana ta kallonsu ruwan na zuba, har wani direba da ke jira a bayansa ya ce, “Yalla, ya akhi, yi sauri, lokaci na tafiya.” Ya sa hannun a ruwa.