Nutso da Azumi a Baki

Naziha tana cikin yanka tarun da ya nannaɗe fiffiken wani nutsattsen jirgin sama sai ta lura ta daina jin numfashin yayanta. A ƙarƙashin teku mutum yakan ji abokin nutsonsa ko bai kalle shi ba, domin duk fitar numfashi kumfa na tashi da ƙara. Ta waiwaya dama, ta waiwaya hagu. Babu Munji.

Zurfin wurin mita hamsin da huɗu ne. Ruwa a nan toka-toka yake, sanyinsa yana ratsa rigar roba har ƙashi. Jirgin saman yana kwance rub-da-ciki tun zamanin yaƙin duniya, hanci cikin laka, farfela ɗaya a lanƙwashe. Masuntan garinsu, Tabarka, sun san shi ne saboda tarunsu da yake ci. Wannan tarun wata biyu ke nan yana kashe kifi a banza, shi ya sa ita da Munji suka yi alkawarin cire shi. Minti goma sha biyar suka yanka wa kansu a ƙasa, agogon hannunta kuwa ya ce sun ci sha uku.

Can ta hango kumfa tana fitowa ta fasasshen rufin ɗakin matuƙi. Ta bi jikin jirgin ta leƙa da fitila.

Munji yana zaune a kujerar matuƙi, hannu biyu a kan ruɓaɓɓen sitiyari, yana juya shi a hankali. Mutum mai shekara hamsin da takwas, wanda ya yi talatin yana tsinko murjani, wanda ya koya mata nutso da faɗa da ranƙwashi, ga shi yana wasa da jirgi. Da hasken ya bugi fuskarsa ya ɗago, idanunsa suna dariya a bayan gilashi, ba alamar ya san ta. Mayen zurfi ne, mai juya hankalin mai nutso. Ta sha ganinsa a jikin baƙi, ba ta taɓa ganinsa a jikin Munji ba.

Ta miƙa hannu ta finciko shi, bai taso ba. Wata igiyar tarun ta sarƙe kan tukunyar iskarsa. Dole ta tura kai da kafaɗa cikin ramin, ƙarfe yana kartar bayanta. Munji ya motsa ƙafa, laka ta tashi, duhu ya rufe su ruf. Ba ta ganin ko hannunta. Tsoro ya shaƙe ta, ta ji tana zuƙar iska kamar mai gudu, alhali ta san kowace zuƙa ragi ce. Ta lalubo igiyar da yatsu, ta sa wuƙa, tana addu'a kada ya zama bututun numfashinsa take yankawa.

Da suka fito agogo ya ce minti ashirin da biyu.

Ba a tashi daga irin wannan zurfi kai tsaye. Iskar da jiki ya sha sai an bi ta a hankali, ana tsayawa zango-zango, in ba haka ba ta yi kumfa a cikin jini ta toshe duk inda ta ga dama. Minti bakwai ɗin da suka ƙara sun ninka musu jira. Ta riƙe shi a ɗamara suka bi igiyar anga. Wajen mita talatin hankalinsa ya dawo, ya dube ta, ya dubi agogonsa, ya sunkuyar da kai.

A mita shida akwai tukunyar ko-ta-kwana da suke ratayewa, da jakar ruwan sha mai tsinke. Naziha ta zuƙi ruwan, ta miƙa masa. Munji ya kau da kai. Ta sake miƙawa, ya ture hannunta.

Nan ta gane. Yau goma ga Ramadan. Likita ya sha gaya musu busasshen jiki shi kumfa take kamawa, limamin unguwa ma ya ce ranar aiki irin wannan a sha a rama. Sun yi magana jiya, Munji ya ce to. Da safe ta sha ruwa a gaban Rayis Lutfi, mai kwalekwalen, yana tsokanarta wai mala'iku suna rubutawa. Munji ma ya ɗaga kwalba, amma sai da ya juya musu baya. Ashe ko leɓensa bai jiƙa ba.

Iskar ba ta kai su ba. Saura minti tara a jiran ƙarshe tukunyar ta fara tauri a baki, suka tashi.

Lutfi ya jawo su cikin kwalekwale yana mita sun daɗe, matarsa ta yi shurba, miyar azumi, in ya rasa buɗa baki a gida su za su yi mata bayani. Ganin fuskar Naziha ya bar mitar. Ta ce ya ɗaga anga, ya kira asibiti a shirya ɗakin matsin iska da ake jinyar masu nutso a ciki, mota ta jira su a tashar ruwa. Tafiyar awa ɗaya da rabi ce.

Munji ya ce lafiyarsa lau, a daina tara masa jama'a. Ya cire rigar roba da kansa. Ba a yi minti goma ba ya zauna a ƙasa yana murza cinya. Ya ce ƙafar dama ta yi masa nauyi. Naziha ta kwantar da shi, ta ɗora masa abin shaƙar iskar asibiti, ta danna farcenta a babban yatsan ƙafar har wurin ya yi fari.

"Ka ji?"

"Me?"

Ta san mutum biyu a garin nan da suka fara da wannan amsar, dukansu a keken guragu suke zuwa masallaci. Ta buɗe kwalbar ruwa ta kai bakinsa, ya damƙe leɓe.

"Yaya, don girman Allah. Kai mara lafiya ne yanzu, an yafe maka."

"Baba da azumi yake nutso, shekara nawa."

"Baba da sanda ya ƙare, ni nake kai shi bayan gida. Ka manta?"

Ta yi lallashi, ta yi faɗa, ta kira sunayen 'ya'yansa ɗaya bayan ɗaya. Ya rufe ido. Da ya buɗe, ta ga abin da ba ta taɓa gani a cikinsu ba, Munji tsoro yake ji. Ya ce nauyin ya hau har ƙugu.

"In tafiyar ce, Naziha, bar ni in tafi da azumina a baki."

Kuka ya zo mata, ta haɗiye shi don babu lokacinsa.

Lutfi ya ɗaure sitiyarinsa da igiya ya tako. Mutum ne da duk tashar ta san shi da ibada, ko ranar da ƙugiya ta tsaga masa hannu bai sha azumi ba. Ya karɓi kwalbar daga hannunta, ya dubi rana, saura kamar awa ɗaya ta faɗi. Ya tsuguna inda Munji zai gan shi da kyau, ya yi bisimilla, ya kafa kai ya sha har maƙogwaronsa yana ƙara.

"Lutfi, me ka yi?"

"Abin da ka gani. Ni lafiyata ƙalau, ba ni da uzuri, kaffara ta hau kaina, wata biyu a jere." Ya goge baki da bayan hannu. "Kai kwana ɗaya za ka rama, tsohon banza. In ka bari na yi sittin ɗin nan a banza, wallahi ban yafe ba."

Munji ya dube shi, ya dubi kwalbar. Sannan ya janye abin shaƙar gefe, ya buɗe baki. Naziha ta tallabo kansa tana ba shi kaɗan-kaɗan, ruwa yana bin gemunsa. Ya shanye wannan, ya fara ta biyu. Lutfi ya koma wurinsa ya ƙure injin, bai sake waiwayowa ba.

Ita kuwa ta koma ƙarshen ƙafar ta zauna, tana danna farce tana saki, tana kallon fuskarsa. Babu abin da ya motsa. Gari ya fara bayyana, da tsohuwar ganuwa a kan dutse, da fitilar motar asibiti tana juyawa a bakin tasha.

Suna shiga tashar aka buga igwar shan ruwa. Hannun Lutfi ya tafi aljihu da kansa ya fito da dabino uku. Ya dube su, ya mayar.

"Ke," in ji Munji ta cikin abin shaƙar, murya ƙasa-ƙasa, "daina mintsinina mana."

Naziha ta dubi hannunta. Ƙafar dama ce. Ta ƙara danna farcen da ƙarfi.